Littafin Ma'aji a Hannun Kafinta

Ni kafinta ne. Ƙofa, taga, gadon amarya, da ɗaurin kwano in Allah ya kawo. Bokona a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, sai dai ina rubuta lissafi, don mai sana'ar da ba ya rubuta bashi ba ya daɗewa a kasuwa. Wannan ɗan rubutun ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Bayan kakar 2021, ina cikin yankan katako da hantsi, sai ga yaron gidan Dagaci, wai a hallara a firamare bayan la'asar, baƙo ya zo daga ofishin ilimi. Garinmu ƙauye ne a Jigawa, ɓangaren da ruwan kogin Haɗeja ke yi wa ɓarna in damina ta yi ƙarfi. Makarantar ajujuwa shida ce, biyu a ciki rufinsu ya zama rariya. Na je ne don kada a ce ban je ba.

Baƙon jami'in wayar da kai ne, ya zo a kan babur, ƙura har gira. Muka zauna a gindin darbejiya, ya ce ya zo a sabunta kwamitin kula da makaranta, wanda su suke kira SBMC. Wani dattijo ya ce ai muna da shi, ba shi ne na iyaye da malamai ba? Jami'in ya ce a'a, wancan na masu 'ya'ya a makaranta ne da malamansu, wannan kuwa na gari ne gaba ɗaya, har wanda bai taɓa haihuwa ba yana da baki a ciki. Ya sa Hedimasta ya ɗauko takardar tsohon kwamiti da ke manne a bangon ofis. Da aka karanto sunayen, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya fi shekara biyar a Legas, sauran kuma ranar suka fara jin cewa suna ciki. Aka yi dariya, amma irin wadda ba ta kai ciki ba.

Ya lissafo waɗanda za a sa: wakilin Dagaci, Liman, malami namiji da malama mace in akwai, wakilan iyaye, wakilan mata, matasa, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, sannan ɗalibai biyu, namiji da mace. Hedimasta kuma sakatare ne, ba shi ne shugaba ba. Da ya ambaci ɗalibai wuri ya ɗauki guna-guni. Yaro ya zauna a tabarma ɗaya da Liman ana shawara? Ya ce haka tsarin yake, kuma ba yau aka fara ba. Ya ba mu labarin shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017, wanda ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Jigawa da Kano da Kaduna da Kwara da Inugu da Legas. An kuma yi shirin NIPEP, wanda ya riƙa zuba tallafi kai tsaye a asusun makarantu a Jigawa, Kano, Kaduna, Katsina da Sakkwato. Duk wannan dogon bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen jama'a: asusu.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ita ta shiga nawa. Na leƙa ta taga na ga yara a ƙasa, na yi lissafi a zuci: aji shida, kowane aji benci goma sha biyar, kuma kafinta ɗaya ne a garin. Shi ya sa da aka ce ina masu sana'a ban jira an kira ni sau biyu ba.

Mu 17 aka zaɓa. Shugaba ya zama wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana. Da aka zo kan ma'aji sai Liman ya nuna ni da carbinsa.

"Ku ba kafinta. Na taɓa cin bashin ƙofa a wurinsa, har ranar da na karɓa ya rubuta."

"Allah gafarta Malam, ai ban taɓa tambayarka ba," na ce.

"Ba ka tambaya ba, amma ka rubuta. Abin da muke nema ke nan."

Haka aka ɗora mini.

An kira mu bita ta kwana uku a hedikwatar ƙaramar hukuma. Abubuwa da yawa sun wuce ni, amma biyu sun zauna. Na farko, mai koyarwar ta ce wanda ke riƙe da kuɗi kada ya riƙe kwangila, kuma duk ɗan kwamitin da ke da wata riba a aiki ya faɗa a gaban kowa. Na ji kamar da ni kaɗai take. Benci casa'in suka tashi sama ina kallo. Na biyu, ta ce kada mu zauna mu rubuta abin da makaranta ke buƙata da ka. Mu je mu ƙirga. Mu ƙirga yara, mu ƙirga malamai, mu ƙirga kwanon da ya huje, kuma mu ƙirga sau biyu a rana ɗaya, da safe da kuma bayan an dawo daga tara.

Mun yi hakan wata Litinin ba tare da mun sanar ba. A rajista sunaye sun haura 400. Kawunan da muka taɓa da hannu ba su kai 250 ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba, lokacin ana sussukar gero. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙirga ta biyu. Ƙananan ajujuwa sun dawo kusan yadda suke. Aji biyar da shida kuwa, maza sun dawo, layin mata ya zama fili. Na tambayi malamin ajin, ya ɗaga kafaɗa ya ce kullum haka ne, talla ce.

Zaman da muka yi don tsara abin da za a fara da shi ya kusa watsewa. Wakilin Dagaci katanga yake so, don shanu na ratsa filin makaranta, kuma masu gonakin gefe kowace shekara sai sun ɗan ci kunya ɗaya ko biyu. Hedimasta rufi yake so, yana da gaskiyarsa. Ni na tashi na yi dogon jawabi a kan yadda zaman ƙasa ke lalata rubutun yaro, ban kuma manta na faɗa cewa ba ni zan yi aikin ba, ko da yake zuciyata ba ta gama yarda ba. Matan kwamitin su huɗu suna can baya a tabarmarsu, sun ja mayafi, tun da aka fara ba wadda ta ce uffan. Yaran nan biyu kuwa kamar an dasa su.

Shugaba ne ya yi dabara. Ya ce a ɗage zaman mako ɗaya, mata su je su yi nasu a cikin gida, yara ma malami ya zauna da su daban, kowa ya kawo abin da ya samo. Ashe dama a bita an faɗi haka, ni ne hankalina ke kan katako.

Cikin matan akwai ungozomar garin, wadda kowa ke kira Inna. Rabin waɗanda ke zaune a wurin ita ta yanke musu cibiya, har da ni. Da aka dawo zama na biyu ba ta tsaya a baya ba, ta jawo tabarmarta har gaba.

"Ranku ya daɗe, tambaya gare ni. Tun azahar muke nan. In ɗayanku ya matsu yanzu, ina zai je?"

Aka yi tsit. Wani ya ce ai ga bayan makaranta nan.

"To, kai namiji ne, ka juya baya ka tsuguna. Yarinyar da ta fara zama mutum fa? Bayan makarantar nan hanyar gona ce, maza na wucewa. Gida za ta tafi. In ta je gida uwarta ta gan ta, ga faranti an riga an jera. Kuna cewa talla ce ke ɗauke su. Tallar a gida take jiransu, amma ba ita ke fitar da su daga aji ba."

Ta juya ta dubi shugabar ɗalibai mata ta ce, "Faɗa musu abin da kika faɗa mini, ba wanda zai cinye ki." Yarinyar ta yi magana kanta a ƙasa, da ƙyar ake ji. Ta ce akwai kwanaki a wata da manyan cikinsu ba sa zuwa gaba ɗaya, don ba wurin da za su gyara jikinsu, ba kuma ruwa. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni 'yata tana aji biyar a lokacin, a gidana take kwana take tashi, ban taɓa sanin wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa shekara da shekaru muna zaune a zaure muna ba da labarin ɗakin.

Aka jera kwanuka huɗu, kowa aka ba shi tsakuwa uku ya jefa inda ya ga ya fi. Masai ya zo na ɗaya, rufi na biyu, benci na uku, katanga ta huɗu. Wakilin Dagaci bai ji daɗi ba, ya yi mako biyu yana amsa mini gaisuwa da hanci, kamar ni na ƙirƙiro tsakuwar. Hedimasta ya rubuta komai a takardar tsarin bunƙasa makaranta, kowane aiki da kiyasin kuɗinsa da wanda zai sa ido a kai, muka sa hannu, masu dangwale suka dangwala.

Buɗe asusu kuwa sai da muka je birni sau uku. Mutum uku ne masu sa hannu: shugaba, Hedimasta da ni. Ana son takardar gabatarwa daga Sakataren Ilimi, da bayanin zaman da aka zaɓe mu, da hotuna, da lambar BVN ta kowa. Zuwan farko ba mu kai bayanin zama ba. Zuwa na biyu aka ga sunan shugaba a katin ɗan ƙasa ya sha bamban da na banki, a ɗaya an sa sunan mahaifi, a ɗaya sunan gari. Duk kuɗin mota daga aljihunmu. A nan ne wasu suka gane aikin nan ba alawus, ba ko kuɗin goro. Daga 17, masu zuwa zama suka koma goma, wani lokaci takwas. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin da zai bar gonarsa ya zo ya zauna awa uku a kan maganar alli, sai in yana da wani dalili nasa.

Sai damina ta 2022 ta zo da abin da ta zo da shi. Duk wanda ke Jigawa ya san ambaliyar shekarar. Mutanen ƙananan ƙauyukan da ke gangare suka kwaso tabarmi da awaki suka cika makarantar, don ita ce a kan tudu. Da suka tashi, bango ya yi baƙi da hayaƙin girki, 'yan bencin da suka rage an karya wasu an hura wuta. Ba wanda ya iya buɗe baki ya yi ƙorafi, mutanen da suka rasa gida da gona ne. Iska kuma ta ƙarasa kwashe rufin azuzuwan nan biyu. Tsarin da muka sha wahalar rubutawa ya koma kamar na wata makaranta.

Gardama ta dawo sabuwa, yanzu har da masu cewa maganar masai ai wasa ce tunda yara na karatu a rana. Inna ta ce ba ta janye ba. Abin da ya raba mu shi ne sharaɗin tallafin da muka nema ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya: dole gari ya kawo nasa kason, ko da kuɗi, ko da kaya, ko da ƙarfi. Muka ce to, kuɗin da zai zo a sayi kwano da katako da siminti, ramin masai da yashi da ruwa da leburanci kuma gari ya ɗauka. Dagaci ya sa aka yi shela. Ranar gayyar matasa suka haƙa ramuka biyu, na mata a can gefen da ba hanya, ƙofarsa tana kallon bango, kamar yadda matan suka ce a yi. Da mu ne da mun jera su wuri ɗaya don a rage bulo.

Kuɗin bai tashi shigowa ba sai farkon 2023, daidai lokacin canjin takardun naira. Ga kuɗi a asusu, ga saƙo a waya, amma ba takarda a hannu. Na kwana biyu ina bin layi a birni ina dawowa da abin da bai isa buhun siminti uku ba. Mai kwano da mai siminti sun karɓi tiransifa. Birkila ya ce shi bai san wannan ba, a hannu yake so. Masu jakan da suka yi mana jigilar bulo kuwa ko waya ba su da ita. Dole muka riƙa cira a wurin masu POS, su kuma a lokacin abin da suke yanka ya isa ya sa mutum kuka. Na buɗe shafi na musamman a littafi na rubuta masa "ladan cire kuɗi", don na san ranar tambaya na zuwa.

Ta kuwa zo da wuri. A watan ne na sayi tsohon babur, da kuɗin wasu gadajen aure da na yi tun kafin azumi. Matata ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ta ce ana cewa babur ɗin makaranta ya yi kyau. Daren nan ban yi barci ba. Da asuba na ɗauki littafin da ledar rasit na nufi gidan shugaba na ce ga kayansu, na sauka.

"Malam, in ka ajiye yau, ka tabbatar musu," ya ce. "Bari Juma'a ta zo."

Bayan an sallame, Liman ya ce kowa ya zauna. Na tsaya a ƙofar masallaci, ƙafata na rawa, na karanto tun daga abin da ya shigo har zuwa ƙusa ta ƙarshe. Bandir nawa na kwano, a wurin wa, nawa. Masu jakai ba su da rasit, amma kowannensu ya dangwala yatsa a gaban sunansa, kuma suna cikin sahu, na kira su ɗaya bayan ɗaya suka amsa. Da aka haɗa lissafi sai aka ga giɓin naira 4,500. Wuri ya yi shiru, na ji gumi na bin bayana. Can wani matashi daga baya ya ce, "Shayi da burodin ranar zuba dakali fa?" Wallahi na manta ban rubuta ba. Mai shayin ma yana wurin, ya ce haka ne. Duk da haka na ce tunda ba a littafi yake ba, ni zan biya, na kuma biya. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, so nake maganar ta mutu a wurin. Washegari Hedimasta ya sa aka kwafe lissafin da babban rubutu aka manna a ƙofar ofis, daga nan ya zama al'ada duk ƙarshen zango.

Inda na ga iyakar ƙarfinmu shi ne kan malamai. Kwamiti ba ya ɗauka, ba ya kora, ba ya biyan albashi. Namu shi ne mu duba littafin sa hannu, mu yi magana, in ta ƙi mu rubuta. Akwai malamai biyu da ke zuwa daga birni, Litinin zuwa Laraba ka gan su, Alhamis sai ƙura. Matasanmu suka so a tare su a hanya a yi musu rashin mutunci, shugaba ya hana. Muka kira na farko muka zauna. Ya fito da lissafinsa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa da komowa ke cinye kusan rabin abin da yake samu. Mai Unguwa ya ba shi ɗaki a zaurensa, gidaje uku suka ɗauki kwanon abincinsa bi da bi. Yanzu sai Juma'a yake tafiya.

Na biyun ya ce ba mu muka ɗauke shi aiki ba, kuma gaskiya ya faɗa. Muka rubuta takarda zuwa ofishin ilimi, muka ajiye kwafi. Bayan wata huɗu aka yi masa canjin wuri, ba a kuma turo madadinsa ba. Wato mun yi ƙara mun yi nasara, aji huɗu ya tashi daga malamin kwana uku ya koma ba malami. Har yau in na tuna ina tambayar kaina ko da mun ƙara haƙuri. Abin da ya cece mu wata 'yar garin ce da ta gama NCE tana zaune a gidan miji. Inna ta je ta shawo kan mijin, gari kuma ya yi alkawarin kwanon gero daga kowane gida in kaka ta yi, da ɗan abin sabulu duk wata. Wani watan a cika, wani watan a ba ta haƙuri. Ita ce mace ta farko da ta riƙe alli a makarantar, kuma tun zuwanta manyan 'yan matan suka samu wadda za su yi wa raɗa.

Bin gida-gida ma mun yi. Mata su shiga ciki, mu mu tsaya a zaure da masu gida. Ba mu ce a daina talla ba, wanda ya ce haka bai san abin da ake dafawa da ribar farantin ba. Cewa muka yi a bari sai an tashi daga makaranta. Wasu suka yarda, wasu suka ce to, irin to ɗin da ke nufin ku tashi ku ba ni wuri. Wani magidanci ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kafinta, ranar kasuwa wa ke riƙe maka katako in kana yanka?" Ɗana ne, yana aji huɗu. Ban samu abin cewa ba. Na dawo gida na ɗauki almajiri ina biyansa ranar kasuwa.

Benci bai samu shiga ba sai a shekara ta biyu, da kuɗin da tsofaffin ɗalibai mazauna Kano suka tara suka aiko. Guda 30 kawai ya isa. Aka nemi farashi a wurin kafintoci uku, ni na fita daga ɗakin lokacin da ake zaɓe. Wanda ya samu yarona ne na da, wanda na koya wa riƙon zarto, yanzu yana da rumfarsa a garin gaba. Ranar da ya kawo kaya ni aka ce in duba, na mayar da guda huɗu don ɗanyen katako ne, ya yi ta ƙunƙuni yana cewa Oga baƙin ciki ne. Na ƙirga masa kuɗinsa, ya sa hannu a littafi.

Bayan wata uku ƙafafun suka fara rawa, don ƙusar da ya sa gajera ce, na gani tun ranar amma na yi shiru kada a ce na cika. Yanzu duk Asabar ta ƙarshen wata ina zuwa da guduma da ƙusa 'yar inci uku a aljihu, maigadi ya buɗe mini azuzuwan, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Wanda ya yi ƙara in kwantar da shi. 'Yata, wadda yanzu take ƙaramar sakandare a garin gaba, wani lokaci takan biyo ni ta riƙe mini ƙafar bencin. Kuɗin ƙusar ma ina rubutawa, a shafin baya, ko da yake ba wanda zai biya ni.